Ɗigon da Ya Tsaya a Filin Jirgi

Har in koma ga Allah, ranar da na ce wa Mma ƙanena yana hanyar gida ba za ta fita a raina ba.

Gyaran waya nake yi a unguwar Adum, shi kuma direba ne a wata ƙasa can Gabas ta Tsakiya. Kafin ya tafi na haɗa wayarsa da tawa, duk inda ya shiga ina ganinsa a taswira, ɗan shuɗin ɗigo. Mma, mahaifiyarmu, kullum sai ta sa na nuna mata autanta.

Bayan yaƙi ya ɓarke a can, wata safiya muka ji makami mai linzami ya faɗa unguwar da baƙin ma'aikata suke kwana. Na kira, ba a ɗauka ba. Da na buɗe taswira sai ga ɗigonsa a filin jirgi, nesa da unguwar.

Na isa gidanmu a Dichemso na tarar mata sun cika tsakar gida, liman yana addu'a. Na ɗaga waya na ce kowa ya share hawaye, yaro ya tsira, jirgi yake jira. Liman ya ce mu dakata sai mun ji muryarsa. Dariya na yi masa, Allah ya yafe mini.

"Malam, tauraron ɗan'adam ne fa. Da shi ake nuna wa makamin kansa hanya a sama. Ba ya ƙarya."

Mma ta sallami mata, ta share ɗakinsa, ta dafa shinkafa da wake yadda yake so. Kowace safiya sai ta sake ɗora tukunya. Ɗigon bai motsa ba. Da na matso da taswirar na gan shi a tsakiyar titin da jirage ke sauka, inda mutum ba ya tsayawa. Shakka ta shige ni, amma na riga na cika baki a gaban jama'a, sai na ce mata jirage ne suke jinkiri.

Abokin aikinsa ne ya kira daga baya. Tun safiyar farko ƙanena ya rasu, har an yi masa sutura. Wayar tana asibiti cikin kayansa. Ashe hukumomin can suna rikita saƙon tauraron da gangan don makamai su ɓace hanya, wayoyin garin duk filin jirgi suke nunawa.

Da na faɗa wa Mma, ta kalli tukunyar, sannan ta ce, "Ɗana, ana binne shi ina nan ina dafa masa abinci?"

Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya. Na hana ta yi wa ɗanta addu'ar mamaci a kwanakin da ya fi bukata. Daga nan na koyi cewa idan shakka ta shige ni, gara in faɗe ta nan take, ko da za a ce ban iya aikina ba.