Sai An Ce Masa Ya Shigo

Mai guga mutum ne da ba ya iya jin haushi shi kaɗai, sai ya samu wanda zai raba wa. Shagonsa ɗan ɗaki ne a bakin titi: tebur mai shimfiɗar bargo, dutsen guga da wayarsa ta sha ɗauri, sai rigunan mutane a rataye. A jikin kwalbar yayyafa ruwa yake jingina littafi, yana guga yana karatu. Tun suna yara haka suke shi da yayarsa, su karanta littafi ɗaya don kawai su samu abin musu.

Wanda ya hana shi sakat a wannan karon ci gaban wani littafi ne da suka karanta tare, labarin wata mayya da ta auri mai shan jinin mutane. Na farkon ya yi masa daɗi. Na biyun kuwa, Allah ya sawwaƙe. An ba mayya ikon komawa zamanin da ya wuce, amma maimakon ta je ta gyara abin da ta ɓata, sai ta zarce zamanin kakannin kakanninta tana ta gwada riguna. Mijin kuma, ƙaton da ya shekara ɗaruruwa a duniya, wai ba ya iya shiga gida sai mai gidan ya ce masa ya shigo. Haka zai tsaya a bakin ƙofa yana zare ido. Wannan ya fi komai ba mai guga takaici, garin mita a kansa har ya ƙona wuyan rigar wani malamin makaranta.

Abin haushin, babu mai sauraronsa. Masu kawo kaya su ce to, su kama gabansu. Matarsa ta ce ba ta san mayyar ba, ba ta kuma neman saninta. Yayarsa kaɗai ta san labarin, ita kuwa rabonsa da ita tun bayan rasuwar mahaifiyarsu, lokacin da ta kyautar da keken ɗinkin tsohuwar ba ta tambaye shi ba, shi kuma ya ce kada ta sake taka masa ƙofa. Ta riƙe maganar kam. Yana kewarta ƙwarai, amma gara masa ya yi ta yi wa littafi masifa da ya furta haka.

Da mitar ta biyo shi har wurin cin abinci, matar ta gaji. Ta sanar da shi ta kira Yaya a waya, ta ce ta zo ta ɗauke littafin ko ta ɗauke ƙanenta, ɗaya dai. Ya ce ta ɓata bakinta, ba za ta zo ba.

Washegari da rana tsaka yana kan wani wando, inuwa ta tare masa haske. Yaya ce, riƙe da nata littafin duk ya lanƙwashe.

"Auta, ka kai inda mayyar ta haɗu da kakarta, ko gaisuwa babu?"

Kafin ya tuna suna gaba, baki ya riga shi. Ya ce ya kai, kuma duk da haka mijin ya fi ta wauta. Yaya ta ce sam, a duk littafin shi kaɗai ne mai mutunci. Musu ya kaure, wando ya huce a kan tebur. Can ya lura tana tsaye a rana, tana sauya ƙafa saboda gwiwarta mai ciwo. Ya nuna mata kujera da haɓa. Ta dubi kujerar, ta dubi dokin ƙofa, ba ta motsa ba.

"Daga nan ma ina jin ka," in ji ta.

Kunya ta kama shi. Ya tsayar da dutsen guga, ya zare wayar.

"Yaya, shigo."

Ta shigo, ta kwashe rigunan mutane daga kan kujera ta zauna, ta ce to yanzu ya maimaita abin da ya faɗa a kan mijin mayyar, don ta ga alama bai fahimci mutumin ba ko kaɗan.