Takardar da na rubuta wa Yaya Sani

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sani, Allah ya jiƙansa, kuma har yau nakan yi jinkiri in zan rubuta wa mutum sakamakon gwajin jini. Aikina ke nan, a wani ƙaramin ɗakin gwaji a Nyanya.

A gidanmu ciwo ba ya zama ciwo sai takarda ta nuna shi. Da Yaya ya daina fita aiki daga gidansa na Karu, ya daina cin abinci, ya koma kallon bango, wurina aka turo shi. Sau uku ina ɗibar jininsa. Babu maleriya, babu taifot. A na ukun ya ce, "Rabi, sake dubawa dai, akwai wani abu." Na yi dariya, na ce jininsa ya fi nawa kyau. Aka karanta takardata a gaban dangi, kawunmu ya yanke hukunci cewa lalaci ne. Daga ranar Yaya bai ƙara yi wa kowa ƙorafi ba. Ni na rufe masa baki, da sa hannuna da hatimi.

Yanzu ina karanta cewa masu bincike suna auna wasu sinadarai a jini masu taimaka wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa su girma, kuma sau da yawa sukan same su sun ragu a jikin masu ciwon damuwa. Abin bai kai a kafa hujja da shi a kan mutum ɗaya ba, mu ma ba mu da na'urar. Da yana raye me zai ce? Na san shi da tsokana, cewa zai yi, "Ashe injinki ne rago." Ko kuwa ya tambaye ni me ya sa sai jini ya yi magana za a yarda da shi.

Ya bar mana kunyarsa da dogon shirunsa, duka suna jikin 'yarsa Hauwa. Watan jiya ta shigo wurin aikina, ta miƙo hannu, ta ce, "Gwaggo, duba ni, ban san abin da ke damuna ba." Na ajiye sirinji, na rufe ƙofa, muka daɗe tana magana tana kuka. Na yarda da ita, na ce gobe za mu ga likitan ƙwaƙwalwa.

Da muka fito, uwarta na zaune a benci. Ta miƙo min hannu ta ce, "To, ina takardar?"