Rahoton da Ya Ci Aikin Gwaggo

A gidansu ba mai kiranta da sunanta na gaskiya. Tun tana ƙarama aka laƙaba mata Don-Me, saboda ba a aikenta ta tafi ba ta tambayi dalili ba. Mahaifiyarta takan ce yarinyar nan ko gishiri ka aike ta saye, sai ta tambayi wanda ya haƙo shi. Mutum ɗaya ce ba ta gajiya da ita: gwaggonta, ƙanwar mahaifinta, wadda ta riƙe ta bayan rasuwarsa har ta gama makaranta.

Da ta girma, tambayar ce ta zama sana'arta. Ta fara da amsa wayar masu ƙorafi a wani kamfani, shekara bakwai tana shan zagin mutanen da ba ta taɓa gani ba. Daga nan wani kamfani mai haɗa manhajojin waya ya ɗauke ta. Idan dangi suka tambayi aikinta, takan ce an ɗauke ta ne ta zauna ta yi shiru. Masu zane su zana, masu haɗawa su haɗa, ita kuma ta kai abin wurin waɗanda za su yi amfani da shi, ta zuba ido. Ba ta tambayar mutum ko abu ya yi masa, don ta san kunya za ta sa ya ce ya yi. Sai ta miƙa masa waya ta ce ya gwada abu kaza, yana yi yana faɗin abin da ke ransa. In ya rikice ba ta nuna masa hanya, ko da ya ɗago ya dube ta. Takan ce masa ba shi ake gwadawa ba, wayar ake gwadawa. Kafin ta zauna da mutum biyar ta gano inda gizo ke saƙa.

Shugaban sashenta shi ne wanda kowa ke kira Dogo. Wata ɗaya aka ɗauke su, tebur ɗaya suka zauna shekara uku kafin a ɗaga shi. Ranar da matarsa ta haihu, Don-Me ce ta riƙe masa aikinsa na mako guda. In da za a ce ta nuna mutum ɗaya a ofishin da ba zai ci amanarta ba, shi za ta nuna.

Wata rana wani babban otal ya kawo musu aiki. Masu gyaran ɗakunansa suna da manhaja mai gaya wa kowace ɗakin da za ta shiga. Ta danna in ta fara, ta danna in ta gama. Otal ɗin ya ce matan ba sa amfani da ita yadda ya kamata. A nan kuwa Gwaggo take aiki, shekara goma sha tara ke nan. Don-Me ba ta ɓoye wa Dogo ba. Ya yi dariya ya ce ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Kwana biyun farko matan suka rufe mata baki ruf. Duk abin da ta tambaya, lafiya lau. Babbarsu, wadda ake kira Uwar Biyu, ta ce wayar nan ba ta da aibu ko kaɗan, in ban da ba ta iya shara. A rana ta uku, a ɗakin ajiye zannuwan gado, inda suke haɗuwa da safe, Gwaggo ta aje tawul ɗin da take ninkewa.

"Wannan 'yata ce," in ji ta. "A bayana ta girma. Abin da kuka faɗa mata, kamar kun jefa a rijiya ne."

Don-Me ta fito da takardar yarda ta karanta musu layi-layi. Ba za a sa sunan kowa ba, sai lamba. Muryoyin da za ta ɗauka ba za su fita daga ofis ba. Otal shawara kawai zai gani. Ta nuna musu sa hannun Dogo a ƙasa.

Mako biyu ta yi tana bin su. Ta ɗaura rigar aiki, tana tura keken kaya, tana riƙe bakin zanin gado. Ta ga yadda safar hannu mai jiƙa ba ta danna ƙananan madannai, sai mace ta danna da gwiwar hannu. Ta ga manhajar tana ba kowane ɗaki minti ashirin, alhali ɗakin da matafiyi ɗaya ya kwana ba ɗaya yake da wanda yara uku suka yi kokawa a ciki ba. Sai a mako na biyu suka nuna mata babban sirrin. Tsohon ginin otal ɗin hawa huɗu ne, kuma na'urar hawan ma'aikata ta daɗe da lalacewa, sai matakala. Manhaja kuwa ba ta san gwiwa ba, ba ta san ciki ba. Don haka kowace safiya sai su baje wayoyinsu a kan tulin zannuwa su yi musanya. Gwaggo, da gwiwarta ta kumbura, ta ɗauki wayar da ɗakunanta ke ƙasa. Mai juna biyu a raba ta da wankin banɗaki. Aiki yana tafiya, baƙo bai taɓa kuka ba.

Ranar Don-Me ta koma gida kamar an yi mata bushara. Abin da ake nema ke nan: matan sun riga sun ƙirƙiro gyaran da kansu, saura a sa shi cikin waya. Ta zana fuskar waya a kan kwali, da babban madanni na musanyar ɗaki, ta kai musu suka gwada da yatsa. Uwar Biyu ta ce a ƙara masa girma, ya kai girman bakinta, kowa ya gan shi daga nesa. Aka yi ta dariya.

A ofis ta cika bango da ƙananan takardu masu mannewa, kowace da magana ɗaya, ta tattara masu kama da juna, ta rubuta rahoto. A shafin musanya ta sa: ma'aikaciya ta huɗu, mai ciwon gwiwa, shekara goma sha tara a aiki. Ta kawo maganarta kamar yadda ta faɗa, don masu karatu su ji a jikinsu. Dogo ya yaba ƙwarai, ya ce shi zai kai shawarwarin, ita ta fara wani aikin da ke jira.

Bayan wata biyu 'yar Gwaggo ta kira ta da tsakar rana. Sabuwar manhaja ta fito, ba madannin musanya a ciki. Abin da aka sa shi ne, kafin mace ta shiga kowane ɗaki sai wayar ta duba fuskarta. Manajan otal ya kira mata huɗu ofishinsa ya sallame su, har da Gwaggo, bisa laifin aiki da wayar da ba tasu ba. Yana riƙe da takarda, ya karanta wa Gwaggo maganarta a gaban sauran: gwiwar nan in ta ga matakala kuka take yi. Har muryar Uwar Biyu ya kunna musu.

Don-Me ta sami Dogo a ofishinsa ta rufe ƙofa. Bai musa ba. Ya ce otal ya ƙi madannin musanya, ya nemi hujjar cewa ana musanyar, kuma da ya hana su rahoton da aikin ya kuɓuce, ga mutum goma sha biyu da ke ci a ƙarƙashinsa.

"Amma ba mu ba da sunan kowa ba," ya ce.

"Mace nawa ce a otal ɗin ta yi shekara goma sha tara da ciwon gwiwa?"

Ya juya biro a hannunsa. "Ke fa kika rubuta haka, ba ni ba."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mata rai, don rabinta gaskiya ce. Ta rubuta ne don idon abokin aikin da ta yarda da shi, shi kuma ya ɗauka ya miƙa, sannan ya ɗora mata kayan.

Da yamma ta je gidan Gwaggo. Ta same ta zaune a tsakar ɗaki ta miƙe ƙafa, rigar aikin tana rataye a bayan ƙofa. Don-Me ta durƙusa ta fara bayani, Gwaggo ta ɗaga mata hannu.

"Ba korar ce ta dame ni ba, 'yar nan. Dama gwiwar ta kusa korata. Matan nan ne. Ni na ce su buɗe baki."

Ta ce jiya ta haɗu da Uwar Biyu a tashar mota, ta gaishe ta, matar ta kau da kai. Shekara goma sha huɗu suna cin abinci a kwano ɗaya.

Don-Me ba ta naɗe hannu ba. Ta kai takardar yarda wurin lauyan kamfani, ya ce faɗin suna takardar ta hana, ba ta hana bayani ba, batun muryoyi kuma za a bincika. Ba a bincika ba. Ta kai kwafinta wurin ƙungiyar ma'aikatan otal, aka yi ta zama har wata biyar. Aka mayar da mata uku. Gwaggo aka ce sai ta kawo takardar likita cewa za ta iya hawa huɗu, ba kuwa likitan da zai rubuta haka. A makon ne Don-Me ta aje aikinta.

Yanzu tana tare da wasu mutum shida masu haɗa manhajar ƙananan asibitoci. Har yau tana zama ta yi shiru ta zuba ido, sai dai hannunta ya sauya. Shekarun mutum, ciwonsa, duk abin da zai sa a gane shi, ba ya shiga takarda. Murya kuwa da ta gama rubutawa take goge ta. Ba ta miƙa rahoto sai ta koma ta karanta wa masu maganar, sun ce a bar wannan, a cire wancan. Kafin ta fara kuma takan gaya wa mutum abin da ba za ta iya yi masa alkawari ba. Wasu sukan tashi su tafi, ba ta riƙe su. Sababbin abokan aikinta suna ce mata mai taurin kai, ba ta musu.

Gwaggo tana guga a gida, maƙwabta na kawo mata kaya, tana yi a zaune. Manhajar otal ɗin kuwa ta karɓu, an ce otal-otal da dama sun saya, Dogo kuma ya ƙara matsayi. Bara ya turo wa Don-Me saƙo mai daɗi, ya kira ta 'yar uwa, ya ce yana so ta zo ta koya wa sababbin ma'aikatansa yadda ake sa mutane su saki jiki su yi magana, don har yanzu bai ga mai hannunta ba. Ta karanta sau biyu tana tsaye a bakin titi, ta mayar da wayar cikin jaka, ta tsayar da motar da za ta kai Gwaggo asibiti.