Alƙalin Bisa Raƙumi da Garkar Kaka

Yau jikokina a tsaye suke gaida manya, har da miƙa hannu. Mu kuwa a ƙauyenmu na kusa da Tama, farkon shekarun 'yancin kai, in mai sarauta ya kira ka, sai ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ɗebi ƙasa ka zuba a ka.

Da sanyi, bayan tuwo, Kaka Tabawa kan hura wutar kara ta tara mu. Wata rana hakimi ya aiko mata ta je da safe, ƙanensa na son garkarta ta albasa, wadda da ita take ciyar da mu.

"Matso, maigida," ta ce mini, "ko matarka ma tsoro take ba ka?"

Ba ta yi tatsuniya ba. Labarin wani tambarin Abzinawa, wato sarkinsu, ta ba mu, wanda ya mallaki kakanninmu. Daga bisa raƙumi yake yanke shari'a, manomi na durƙushe, hukunci na faɗo masa kamar ƙanƙara. Ba talakan da ya taɓa ganinsa tsaye a ƙasa. Da ya mutu aka sa manoma su haƙa kabari, suka haƙa dogo. Ashe ɗan guntun mutum ne, sai da suka cike rabi.

"Ba wanda ya yi dariya," in ji ta. "Tsoron Allah ne ya kama su."

Babana na aikin wanke miki a asibitin mishan. Shi Kirista ne, ita tana sallarta. Ya ce, "Inna, akwai irin wannan a Zabura." Ya matsa kusa da wuta ya karanta inda Allah ya tsaya cikin taron masu mulki, yana tuhumarsu kan danne marayu da matalauta, yana gaya musu za su mutu kamar kowa.

Kaka ta juya wajen babana ta tambaye shi.

"Da kansa yake zuwa wurin shari'ar?"

"Da kansa, Inna."

"To gobe mu uku ne ke nan: ni da hakimi da Shi."

Da safe ta gaida hakimi da ladabi, amma a tsaye. Dogari ya daka mata tsawa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai Wanda ya fi mu a zauren nan. Gabansa kaɗai goshina ke taɓa ƙasa." Mutanen zauren suka fara duban juna, sannan hakimi ya ce ta je ta ba albasarta ruwa.

Na ji ayar nan da Faransanci a Abijan, da Turanci a Jos, ba inda ta tayar mini da tsigar jiki kamar gaban wutar karan nan. Tun daga ranar da Kaka ta tsaya gaban hakimi, ba wanda ya sake zuba ƙasa a kansa a gidanmu.