Gurabu Tara a Kayen Ezekiyel

Ranar Talata, 7 ga watan Oktoba 2025, Allah ya karɓi ran abokina Ezekiyel Dauda, mutumin Dogonduci da nake tsokana da Ba'are, a gidansa da ke Wadata. A safiyar ranar ce kuma ƴata Samira ta haihu, bayan shekara goma sha ɗaya tana jira. Daga asibiti na hau kabu-kabu da dabino cike da aljihu, bakina ya ƙi rufuwa, don kai ne, Ezekiyel, mutum na farko da nake son in yi wa albishir. Da muka shawo kwanar gidanka, sai na ga an jera benci a ƙofa.

Ezekiyel, na yi jika. Balkisa sunanta. Ban taɓa farin ciki irin wannan ba, kuma ban sami wanda zan cika wa kunne da shi ba.

Shekara talatin muka yi tare muna hawan turakun waya. A kan kowane turke akwai kofunan gilashi da ke riƙe wayar, waɗanda mu ma'aikata muke ce wa izolatar. Da aka daina aiki da tsofaffin layuka, sai aka riƙa zubar da su. Kai ka fara tsinta, mu biyar muka bi ka, har mutanen Zongo suka sa mana suna ƴan kofi. Amma kullum faɗa muke a kan launi. Kofi ɗaya, wannan ya ce tsanwa ne, wancan ya ce shuɗi.

Kai ka kashe wannan rigima. Ka zaɓi kofi guda daga kowane launi ka ce shi ne uwa, da shi za a riƙa gwada sauran. Ka raɗa musu sunan abin da kowa ya sani: tsanwan zogale, shuɗin bula, shayi na uku, zoɓon da aka sirka, ruwan Isa, wato kalar koginmu in damina ta wuce. Ba a duba kofi sai ranar Asabar da hantsi, a inuwa, bisa farin ƙyalle, uwa a gefensa. Kuma ba a rubuta launi a kaye, wato littafin da muke ajiye lissafin kofunan, sai mutum biyu sun gani sun yarda sun sa hannu.

Saboda wannan kaye na iya rubutu. Ina da shekara arba'in da biyu ka ja ni makarantar yamma ta manya, ka ce, "Ɗan Zongo, shaidar da ba ya iya sa hannu, ai ɗan kallo ne." Wata shida kana raka ni har ƙofar aji don kada in zille. Wannan ta'aziyya da hannuna nake rubuta ta, kuma hannun nan kai ka ba ni shi.

Ƴan kofi suka yi ta raguwa. Uku suka rasu, ɗaya ya koma Maradi wurin ƴaƴansa, muka saura mu biyu.

Yanzu bari in faɗi laifina. Shekara uku da suka wuce yanar ido ta fara rufe maka gani. Wata Asabar ka ɗaga kofi shuɗi ƙarara, ka ce ruwan Isa ne. Na dube shi, na dube ka, na ce, "Na yarda, Ba'are." Na sa hannu. Sau tara na yi haka. Na san ina ɓata aikin da ka yi shekaru kana gyarawa, amma na kasa gaya wa mai idon da ya fi na kowa cewa idon ya tafi. Na yi ta cewa sai Asabar mai zuwa, har Asabar ɗin suka ƙare.

Bayan an share makoki, matarka Rifkatu ta miƙo mini kayen. Na buɗe ina fargaba. A gefen gurabun nan tara, babu wanda ka tsallake, ka ja layi da jan biro. A bangon ƙarshe kuma ka rubuta da manyan baƙaƙe masu karkata: "Duk inda Habibu ya yarda bai yi gardama ba, kara ya yi mini. A sake dubawa."

Ashe ka sani. Ni ina rufa maka asiri, kai kana rufa mini.

Asabar da ta wuce na je da hantsi, na shimfiɗa ƙyallen, na jera kofuna tara da uwayensu. Na ga launin kowanne sarai, amma ni kaɗai ne, doka kuwa ta ce biyu. Na daɗe zaune. Sai Rifkatu ta fito, wadda ta shekara arba'in tana share musu ƙura tana mita. Ta tsaya a bayan kujerarka, ba ta zauna ba.

"Baban Samira, wannan ai bula ne. Ni da nake wanki da shi?"

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, duk ta faɗi daidai, muka sa hannu. Kayenka ya gyaru, Ezekiyel. Kafin shayi ya huce mun gama aikin da ni da kai za mu kai azahar muna musu a kansa. Na naɗe ƙyallen, na tafi gida da sauran yini a hannuna, na rasa inda zan kai shi.

Na ware wa Balkisa ƙaramin kofin nan mai launin zuma da ka fi so. In Allah ya raya ta, zan nuna mata shi da hantsi, in gaya mata wanda ya koya wa kakanta rubutu.

Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutawa. Rifkatu, da ku ƴaƴansa Gideyon da Marta, da dukan dangi na Yamai da na Dogonduci, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Ni ma ku sa ni a addu'a, don har yanzu dabinon nan yana aljihun rigata, na kasa ba kowa.

Habibu Hasan
Zongo, Yamai