Sifirin Da Na Rubuta a Borokiri

Shekaru sun ja, amma har gobe ban manta da ranar da Madam ta turo mini takarda ta ce in sake dubawa, ni kuma na ce babu abin dubawa ba. Ku da kuke wannan aiki yanzu ku ba ni hankalinku, don ba kasafai nake ba da labarin nan ba.

Shekaru kaɗan ke nan bayan yaƙin basasa. Hausawan da suka gudu daga Fatakwal sun fara dawowa da ɗai-ɗai, ni ma ina cikinsu, don a nan aka haife ni. Kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati na ta neman abin da za ta gina. Na samu aikin ƙaramin akawu a wani ofis mai tattara alƙaluma. Ga wanda bai san aikin ba, mu ake aikawa unguwa-unguwa mu ƙirgo mutane, manya kuma da abin da muka kawo suke yanke inda za a sa famfo da inda za a sa makaranta. Shugabar sashenmu wata mata ce 'yar ƙasar, doguwa, ba ta dariya sai da dalili. Madam kawai muke ce mata.

A shekarar aka ce za a raba ungozomomin asibiti, waɗanda suka yi karatu, a zaunar da su cikin unguwanni, kowacce da ɗan ɗakinta da kayan aiki. Ba su da yawa, saboda haka unguwar da ta fi matan aure ita ke samu. A da jimla kawai muke rubutawa, mutum kaza a gida kaza. Madam ce ta dage sai an raba takardar, gurbin maza daban, na mata daban. Ni aka ba ɓangaren Hausawa na unguwar Borokiri, tunda ni kaɗai ne Bahaushe a ofis, kuma ba ƙaramin ji da kai nake yi da hakan ba.

Ƙa'idar aiki ita ce ka shiga kowane gida, ka ga mutane da idonka, ka gaya musu dalilin ƙidayar. Ni kuwa na san gidan matan aure ba a shiga. Sai na tafi wurin Alhaji Mamman, dattijon unguwa, abokin mahaifina. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan na fito da takarda.

Ya dube ta ya ce, “Sani, takarda kuma? Ta mece ce?”

A nan na fara ɓata aikin. Ga dattijo sa'an ubana, ga mutane zaune kewaye da shi, sai bakina ya yi nauyi in ambaci ciki da haihuwa. Na ce, “Baba Alhaji, ƙidaya ce kawai ta gwamnati.”

Ya ce in dawo bayan la'asar, za a sa mini benci a ƙofar masallaci, kowane magidanci ya faɗi nasa.

Abin da ya kamata ku sani game da mutanen nan shi ne, ba wanda bai bar wani nasa a hanya ba lokacin gudu. Da yawa sun yi imani cewa duk wanda sunansa ya shiga takarda, shi za a fara nema ranar da abu ya sake ɓaci. Sun dawo da iyalansu a ɓoye, sun kewaye ƙofofin ɗakunan haya da langalanga da labule. Saboda haka duk wanda na tambaya amsa ɗaya ce: “Ni kaɗai ne, iyali suna gida.” Gida, wato Arewa. Ina rubutu ina jin ƙarar dakan sakwara tana tashi ta bayan langalanga.

Har aka zo kan Yaya Haruna mai tireda, mutumin Haɗeja. Mota ɗaya muka shiga da shi lokacin gudu, a tafiyar nan ƙanwarsa ta ɓace, har ya mutu bai ji labarinta ba.

Na ce, “Yaya Haruna, ku nawa ne?”

Ya ce, “Ni ɗaya.”

Na ɗaga kai na dube shi. Jiya-jiyan nan na ci tuwon gidansa, da hannun mace aka turo kwanon ta ƙarƙashin labule.

Ya ce, “Rubuta abin da na gaya maka, Sani.”

Ƙane ba ya tsare yayansa da tambayar matarsa a gaban jama'a. Na rubuta ɗaya a gurbin maza, sifiri a gurbin mata.

Da na kai takardun ofis, Madam ta bi su da yatsa layi-layi. Ta cire tabarau ta ce, “Sani, who dey cook for all dis men?” Wai wa ke dafa wa duk mazan nan.

Na ce, “Madam, yawancinsu leburorin tashar jirgin ruwa ne, a bakin titi suke ci.”

Ba ta yarda ba. Ta ce za ta haɗa ni da ma'aikata mata biyu, a samu wata tsohuwa a unguwa ta yi musu tafinta, su shiga ciki su gani. Raina ya ɓaci. A ganina matar da ba ta san ko sannu ba ce za ta koya mini Hausawa.

Na ce, “Madam, mutanena ne, na fi kowa saninsu. In aka tura baƙi cikin gidajensu, gobe ba wanda zai sake yi mana magana.”

Ta ce, “Ka tabbata?”

Na ce na tabbata. Ta miƙo biro ta ce in sa hannu, na sa.

Daga teburinta takarda ta wuce sama, a can aka rubuta cewa ɓangaren Hausawa na Borokiri unguwar gwauraye ce 'yan ci-rani. Ungozoma ta tafi wata unguwa. Mu kuwa aka gina mana bayi da wurin wanka na maza, da fenti da komai. Ranar buɗewa har addu'a aka yi mini, aka ce ɗan unguwa ya yi abin kai. Na karɓi godiyar nan ba kunya.

Damina ta zagayo. Wata ranar aiki da hantsi sai ga Yaya Haruna a ƙofar ofis, jiƙe sharkaf, ba hula. Ya ce, “Sani, taso. Mai ɗakina ce. Tun jiya take naƙuda, jini ya ɓalle, Iya ta ce abin ya fi ƙarfinta. Kai ka iya yi wa mutanen asibiti magana.” Iya ita ce tsohuwar da ke karɓar haihuwa a unguwa, da reza da ruwan zafi da addu'a.

Muka tari tasi aka saka ta a baya, ita da Iya da shi, ni ina gaba. Wanda ya san Fatakwal a lokacin ya san cunkoso, ga tankokin mai, ga manyan motocin siminti, ga ruwa ya cika titi. Ban waiwaya ba ko sau ɗaya. Ina jin nishinta, ina jin Iya tana cewa, “Yi salati, 'yar nan, yi salati.” Direba ya danna hon har ya gaji. Can sai na daina jin nishin, sai salatin Iya kaɗai.

A asibiti wata nas ta duba ta, ta rufe ta da zanenta. Ita da abin cikin duk sun tafi. Nas ta juyo kaina tana faɗa, wai me ya sa ungozomar unguwarmu ba ta turo ta tun jiya ba. Na ce ba mu da ungozoma. Ta ce, “Don me?” 

Kafin a ba da gawa sai an cika takarda, Yaya Haruna kuma ba ya karatun boko, ni na riƙe biro. Na tambaye shi suna. Ya ce, “Rabi.” Ranar na fara jin sunanta, ranar kuma ta fara shiga takardar gwamnati.

Ban ce da an kawo ungozoma da ta rayu ba, rai na Allah ne. Amma da akwai wadda za ta duba ta tun jiya ta ce a tafi asibiti.

Washegari na gaya wa Madam komai. Na so ta zage ni, da na ji sanyi. Ba ta yi ba. Ta ce rabo ya riga ya wuce, ba a janye ungozoma daga inda aka sa ta, sai dai wani zagayen. Ta tura matan nan biyu tare da Iya, aka sake ƙidaya, suna faɗin dalili a kowace ƙofa. Ba ƙofar da aka rufe musu. Yawan matan auren da suka samo ya hana ni cin abinci ranar. Ungozoma ta zo Borokiri daga baya, bayan an sake binne wasu masu haihuwa.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, mutanenmu ba sa ɓoye iyali don taurin kai, tsoro ne da kara, kuma suna sakin jiki in an gaya musu gaskiyar abin da ake nema. Mai ƙidaya kuwa in ya bar mace a bayan labule, manya ba za su taɓa sanin tana nan ba, don su takarda suke gani, ba unguwa ba.

Bayan sadakar uku na samu Yaya Haruna shi kaɗai a ƙofar tiredarsa, na zauna a ƙasa na gaya masa abin da takardar nan take nufi.

Ya ce, “Ungozoma? Don masu haihuwa aka yi ta?”

Na ce, “E, Yaya.”

“Me ya hana ka faɗa?”

“Nauyi na ji. Ga su Baba Alhaji a zaune.”

Ya dube ni, idonsa ba hawaye. Ya ce, “Da ka faɗa, Sani, da ni zan kama hannunka in kai ka har bakin labule.”

Bayan arba'in ya sayar da tiredar ya koma Haɗeja. Ya bi gida-gida ya yi sallama da kowa a unguwa, ban da ni.