Sale da Guguwar Teku

Shekara biyar ke nan da muka binne ƙanena Sale a Ɗanzomo. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Sale tsohon soja ne, ya je yaƙin ƙasar Bama zamanin Turawa. A jirgin ruwa ya ga guguwar teku, ya dawo da ita a baki. Kullum rediyo na kunnensa. Cewa yake hadarin da ke taso mana daga gabas ba a nan yake ƙarewa ba, yamma yake bi har ya faɗa teku ya zama guguwa. Wai tekunan ma karɓa-karɓa suke yi: shekarar da ta gabas ta haukace, ta yamma kan yi lamo, mu ma hadarinmu ya raunana. Mazan gari suka sa masa suna Sarkin Teku, suna dariya.

Daminar da fari ya soma, ya same ni ina tatsa.

"Yaya, rediyo shiru kan tekun yamma. Ki kai shanun nan kasuwar Maigatari tun suna da nama, ki cika rumbu da gero."

Na ce, "Shanun da Inna ta bar mini? A ce 'yar gidanmu ta sayar da saniya tun yunwa ba ta zo ba? Ruwan Bama ne ya jiƙa maka kai."

Da ciyawa ta ƙare, shi ya kora shanun kudu a ƙasa, da tsufansa da tarinsa. Sun mutu ɗaya bayan ɗaya a hanyar Gagarawa. Ya dawo da igiyoyinsu a kafaɗa, ya kwanta, bai sake tashi ba.

Yanzu ruwa ya dawo, garken mutane ya soma tashi. Masu dariyar nan su ne ke cewa, "Allah ya jiƙan Sale, mutum mai hangen nesa." Da yana nan, na san ba zai kula su ba, tambaya zai yi ko an cika rumbu. Ba a cika ba. Na leƙa.

Ko lissafinsa daidai ne, Allah ne masani. Ni dai ban taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan gari ba, amma duk damina ina zaune gaban rediyonsa ina jiran labarin tekun yamma. Igiyoyin suna rataye a ɗakina. Ba ni da abin ɗaurewa da su.